Agogon Umma a Bahar Rum

Shekara 35 Umma ta yi tana koyarwa a firamare. Duk shekara sai ta zana wa 'yan aji biyar taswirar Afirka a allo, ta shafe gefe da gefe da shuɗin alli, ta ce musu, "Wannan shi ne teku." Ita kanta sau ɗaya ta taɓa ganinsa, ta tagar jirgin alhazai lokacin da suke ƙetare Bahar Maliya, kuma ta ce ko a ranar gajimare ya rufe rabinsa. Da ta yi ritaya, babban wanmu da ke aikin asibiti a Ingila ya tambaye ta abin da take so. Mun zaci za ta ce mota ko gyaran gida. Sai ta ce tana so ta kwana a kan teku.

Yaya ya yi dariya a waya, amma bai musa ba. Ya ce zai biya, sai dai shi ba shi da lokacin bincike. "Auta, ba labarin ƙasa kike karantawa a jami'a ba? To ga jarrabawarki. Ki tsara mana komai, ni dai ki turo mini lissafi." Ina aji biyu a lokacin, kuma iyakar tafiyata Abuja. Washegari na sayi sabon littafin rubutu, na rubuta TEKU a bangonsa.

Ga ƙannena da ba su taɓa jin labarinsa ba, jirgin yawon shaƙatawa otal ne sukutum aka ɗora a kan ruwa, da ɗakunan kwana da wuraren cin abinci da kantuna da ƙaramin asibiti. Da dare yana tafiya, da safe ka buɗe ido ka tarar an ɗaure shi a wani gari. Ka sauka ka zaga, da yamma ka dawo ya ƙara gaba. Kayanka sau ɗaya za ka jera su a durowa, garuruwan ne ke zuwa su same ka. Masu tallansa cewa suke yi ka biya kawai ka miƙe ƙafa, an gama maka komai. Wata huɗu na yi ina fama da wannan "komai" ɗin.

Makon farko a kallon hotuna na ɓata shi. Na ga tsibiran Karebiyan, farin yashi da ruwa garai-garai, na cika shafin farko da sunayensu. Daga baya na lura yawancin jiragen can daga Fulorida suke tashi, wato sai da bizar Amurka. Na yage shafin. Mai koren fasfo irin namu daga biza yake fara lissafi, hoto ya biyo baya.

Abin da ya kai ni yammacin Bahar Rum ke nan. Akwai yarjejeniyar da ake kira Shengen, wadda ƙasashen Turai 29 suka shiga, biza ɗaya ta ishe ka a cikinsu duka. Sifaniya da Faransa da Italiya da Malta duk suna ciki. Na samu jirgi mai kwana bakwai da ke tashi daga Basalona, ya tsaya a Marsai, da Jenowa, da Cibitabekiya inda ake sauka a je birnin Rum, da Palermo a tsibirin Sisili, da Baleta ta ƙasar Malta, sannan ya yi wuni guda cur a tsakiyar ruwa ya komo Basalona. Akwai wani da ya fi shi araha, har na kusa tura wa Yaya, sai na ga yana tsayawa a Tunis. Tunisiya ba ta cikin Shengen. Da zarar jirgi ya tsaya can kun fita ke nan, kuma idan bizarka ta shiga sau ɗaya ce, ta ƙone. Ofishin jakadanci ne ke yanke irin wadda zai ba ka, ba kai ba. Na ja layi a kan mai arahar.

Sai kuma wace ƙasa za mu nemi bizarta. Ƙa'idar ita ce ka je wa wadda za ka fi daɗewa a cikinta, kuma a nan ne tafiyar tudu ta shigo. Mutane da yawa kan haɗa yawon jirgi da 'yan kwanaki a ƙasa, kafin hawa ko bayan sauka, tun da an riga an biya kuɗin jirgin sama mai tsada. Kamfanonin na sayar da irin wannan ƙarin a ƙunshe, da otal da mota da ɗan rakiya, amma farashinsa ya sa na rufe shafin da sauri na ce zan haɗa namu da kaina. Na tambayi Umma inda take so. Ko tunani ba ta tsaya yi ba ta ce Andalus, ƙasar Ƙurɗubi mai tafsiri da Alfazazi mai Ishiriniya. Na sa mana kwana biyu a Garnaɗa, ɗaya a Ƙurɗuba, ɗaya a Madrid inda za mu hau jirgin gida. Sifaniya ta rinjayi Italiya, magana ta ƙare.

Takardun da aka nema sai da suka cika jaka: shaidar ɗaki a jirgi da otal, tikitin dawowa, bayanan banki, takardar fanshon Umma, wasiƙar makarantarmu, da inshorar lafiya da za ta iya biyan Yuro 30,000. Kuɗin biza Yuro 90 ne kowane baligi tun daga Yunin 2024, kuma ko an hana ka ba a mayar maka. Saboda haka na roƙi Yaya ya biya kafin alƙalami kawai a jirgin, ya riƙe sauran. Muka je Abuja aka ɗauki zanen yatsunmu, muka dawo muka zauna jira. Kusan mako uku, duk saƙon da ya shigo wayata sai gabana ya faɗi.

Lissafin kuɗi ya fi komai ba ni wahala. Farashin da ake rubutawa da manyan lambobi na ɗaki ne da abinci kawai, shi ma na mutum ɗaya idan su biyu ne a ɗakin. Yaya da zai kwana shi kaɗai sai da ya biya kusan na mutum biyu. Daga nan sai ƙananan rubutun da ke ƙasa. A jirginmu ana cire wa kowane baligi Yuro 12 duk dare, ladan ma'aikata. Ku ɗauki biro: mutum 3, dare 7, Yuro 12. Yuro 252 ke nan da babu su a tallan. Ruwan roba da lemo na kuɗi ne, intanet ta kuɗi ce, motar da za ta zaga da kai gari ita ma ta kuɗi ce. Wannan ta ƙarshen na soke ta gaba ɗaya. Na ce wa Yaya ina da taswira a waya, me zai sa mu biya wani ya ɗaga tuta muna binsa kamar 'yan nazare? Ya ce, "Kin tabbata?" Na ce na tabbata. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yaya ya ɗauki ɗakin ciki marar taga, mafi araha, ya ce dama barci zai je yi. Mu na zaɓa mana mai taga, a hawa na ƙasa-ƙasa, daidai tsakiyar jirgi. Matar da ta zo ganin teku ai ba a kulle ta a akwati ba. Tsakiya kuwa saboda jirgi kamar lilon katako yake, baki da baki ne ke sama da ƙasa, cibiyarsa ba ta cika motsi ba. Na kuma sa mu isa Basalona ana gobe jirgi zai tashi. Kuɗin otal na dare ɗaya ya ƙaru, amma jirgin sama na iya makara, na ruwa kuma ba ruwansa da uzurinka. Daren haɗa kaya sai da na zazzage kilishi da dambun nama daga akwatin Umma, domin an hana matafiyi shiga da nama ko madara ƙasashen Tarayyar Turai. Yajinta dai ta ce sai in ba ta za ta je ba.

Ana gobe za mu tashi maƙwabta suka yi ta shigowa sallama. Ta ƙarshe ita ce matar da katangarmu ke haɗe da tasu. Ɗanta na fari, wanda Umma ta koyar a aji biyar, ya bar gida shekara uku da suka wuce, ya bi ta Damagaram da Agadas ya shiga Libiya. Wayarsa ta ƙarshe daga bakin ruwa ya yi ta, ya ce a sa shi a addu'a, da dare za su shiga. Tun daga ranar shiru. Ta zauna a bakin tabarma ta yi mana fatan alheri, ta miƙa wa Umma ƙullin citta, wai ta ji tana maganin tashin zuciya. Ba ta ambaci ɗanta ba, mu ma ba mu ambata ba. Ni hankalina na kan nauyin akwati.

Muka tashi daga Kano ta Alƙahira. Da za mu sauka Basalona aka sanar da lokacin gari, kowa ya hau gyara agogo. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba waɗannan ƙasashe suna gaban Najeriya da awa ɗaya, mu kuma a Satumba muka je. Na ce, "Umma, kawo in juya miki." Ta janye hannunta. "Bar mini shi a lokacin gida. Da shi zan riƙa sanin ko jikokina sun taso daga Islamiyya." Na ƙyale ta.

Tun a Kano na karanta cewa tsawon jirgin ya haura mita 300, wato filin ƙwallo uku a jere, kuma yana ɗaukar fasinja sama da 5,000. Amma gani ya kori ji. Umma ta ɗaga kai har mayafinta ya zame, ta ce, "Wannan ai unguwa ce." Aka ba kowa kati ɗaya: shi ne mabuɗin ɗakinka, shi ne kuɗinka a ciki, da shi kuma ake sanin ka fita ko ka dawo. Kafin a kwance igiya aka busa ƙaho, gajeru bakwai da dogo ɗaya, kowa ya nufi wurin taruwar da aka rubuta a katinsa, aka nuna mana yadda ake ɗaura rigar ceto. Wasu na ta tsaki, an katse musu cin abinci. Ni na san dalilin. A Janairun 2012 jirgin Costa Concordia ya bugi dutse kusa da tsibirin Jiliyo 'yan awanni bayan ya bar Cibitabekiya, mutum 32 suka rasu, kuma waɗanda suka hau a ranar ba a riga an yi musu wannan atisaye ba. Bayan haka ne aka gyara doka ya zama sai an yi shi tun a tashi. Ban faɗa wa Umma ba sai da muka dawo gida.

Daren farko ruwa ya nuna mana shi ba sa'an kwando ba ne. Tsakanin Basalona da Marsai akwai mashigin da iskar arewa ke kaɗawa da ƙarfi. Ratayen kaya suka kwana suna kaɗa ganga a durowa. Ni mai littafi da lissafi ni na kwanta da jiri, Umma kuwa tana zaune a bakin taga tana taunar cittar maƙwabciya, tana kallon farin kumfa a cikin duhu.

Salla ta zama darasin labarin ƙasa. Talabijin ɗin ɗaki na da tashar da ke nuna taswira da inda jirgi ya dosa. Daga yammacin Bahar Rum alƙibla gabas take an karkata kudu, saɓanin Kano inda muke ɗan karkatawa arewa. Sai in duba hancin jirgi in ce, "Umma, yau wajen ƙofar bayi ne," gobe kuma in ce wajen taga. Abinci kuwa, wani ma'aikaci ɗan Indunusiya da ya ga mayafinmu ya yi mana sallama, ya zaga da mu yana nuna abin da ke da naman alade ko giya. Muka tsaya a kan kifi da shinkafa da taliya da 'ya'yan itace, Umma na barbaɗa yajinta a ɓoye kamar mai satar amsa. Ya ce wata takwas yake yi a ruwa kafin ya ga 'yarsa. Tun daga ranar na daina jin haushin Yuro 12 ɗin nan.

Marsai da Jenowa sun wuce lafiya, har na fara jin kaina. Sai ranar Rum.

Birnin Rum ba a bakin teku yake ba. Daga Cibitabekiya kimanin kilomita 80 ne, awa ɗaya da wani abu a jirgin ƙasa. Yaya ya taɓa zuwa, ya ce mu je mu dawo, shi zai rama barci. A bakin matakala an kafa allo: kowa ya dawo ƙarfe 6:30 na yamma, tashi ƙarfe 7:00. Na tsara mu kamo jirgin ƙasa na wajen ƙarfe huɗu. Muka ga Kolosiyam, filin da aka buɗe a shekara ta 80 miladiyya, inda dubban mutane ke taruwa kallon ana kashe juna. Umma ta ce gini ya yi kyau, aikin da aka yi a ciki ne bai yi ba. Daga nan muka wuce Batikan, ta tsaya a tsakiyar dandalin tana murmushi, domin shekara da shekaru tana tambayar yara ƙasa mafi ƙanƙanta a duniya, yau ga ta a cikinta.

Wajen azahar wayata ta mutu. Hoto da taswira sun cinye cajin, abin cajin tafi-da-gidanka kuma na bar shi a kan gado. Ban damu ba, na riga na haddace hanyar tasha. Gwiwar Umma ta fara ciwo, muka zauna a inuwa muka sayi askirim. Na kamo hannunta na duba: uku da kwata. Na ce akwai sauran lokaci, ki huta. Muka yi ta hira. Sai da muka miƙe muna tafiya a hankali na hangi alamar wani kantin magani, irin koren nan mai walƙiya da ke nuna zafin gari da lokaci. 16:40. Na sake kamo hannun Umma. Huɗu saura minti ashirin.

Cikina ya ɗuri ruwa. Ni na rubuta bambancin awa ɗayan nan da hannuna a shafi na biyu na littafina, har na ja masa layi biyu.

Ga abin da ke faruwa idan jirgi ya bar ka. Waɗanda suka fita a motar kamfani, in sun makara ana jiransu, domin kamfanin ne ya fitar da su. Wanda ya fita da ƙafarsa kuwa shi ya san yadda zai yi ya cimma jirgi a gari na gaba, da kuɗinsa. Garinmu na gaba Palermo ne, a tsibiri. A jakata akwai fasfo biyu da Yuro 40. Katin banki na wurin Yaya, lambarsa ta Ingila na cikin matacciyar waya, maganin hawan jinin Umma kuma na kan durowa a ɗaki.

Ba ta iya gudu. Muna isa tasha wani jirgin ƙasa na ficewa, na tsaya ina kallon bayansa. Na gaba sai bayan ƙarfe biyar, kuma irin mai tsayawa a kowace tasha ne. Duk tsayawar da ya yi sai in ji kamar in sauka in tura shi. Hawaye suka ƙwace mini. Umma na jan carbi, ba ta ko dube ni ba ta ce, "Auta, share fuskarki, mutane na kallo. In ya tafi ai ba da ranmu ya tafi ba." Wannan maganar ta fi zagi yi mini ciwo.

Shida ta wuce muka sauka. Na tari tasi, na nuna wa direban katin jirgi, na nuna masa agogon motarsa. Bai tambaye ni komai ba, da alama ya saba ganin irinmu. Muka iso ma'aikata na naɗe shingen bakin matakala. Yaya na tsaye a ƙasa, ƙafa ɗaya a kan matakalar, yana yi wa wani jami'i magiya da hannu biyu. Na'ura ta yi ƙara a kan katina ƙarfe 6:36. Sama kuwa mutane sun jeru a baranda suna tafi da shewa, ashe kallon masu makara ma wani nishaɗi ne a jirgi. Yaya bai ce mini uffan ba sai da muka shiga lif. "Nawa kika ce mun tsira da shi da ba mu hau motarsu ba?" Na sunkuyar da kai. Da dare na sake roƙon Umma ta kawo agogon in juya. Ta ce agogonta bai yi ƙarya ba, lokacin Kano aka tambaye shi ya faɗa.

A Palermo ban yarda mun yi nisa da tasha ba. Larabawa sun mulki garin tun daga shekarar 831, kuma har yau akwai ginshiƙi mai rubutun Larabci a ƙofar babban cocinsu. A nan ne Idrisi ya kammala wa Sarki Roja na Biyu taswirar duniya a 1154, wadda ta ambaci Kanem da Gao. Mun ga kwafinta a wani kantin littattafai. Kudu ce a sama, arewa a ƙasa, Afirka zaune a kan Turai. Umma ta daɗe tana juya ta, ta ce da ta san da ita da ta rikita 'yan aji biyar.

Malta ce ta fi burge ni. Da sassafe jirgi ya kutsa tsakanin manyan ganuwoyi masu launin zuma, muka hau lif daga bakin ruwa zuwa wani lambu a saman ganuwa, inda ake harba igwa ƙarfe 12:00 na rana. Aka harba, Umma ta duba hannunta ta ce sun yi gaggawa. Harshensu daga Larabci ya samo asali, amma da baƙaƙen boko suke rubuta shi, kamar mu. A ƙofar wani kanti na ga ranakun buɗewa: Tnejn, Tlieta, Erbgħa, Ħamis. Na karanta wa Umma da ƙarfi, ta ce, "Litinin, Talata, Laraba, Alhamis." Hamsin ɗinsu hamsin ne, sittin sittin. Yawancinsu Kiristoci ne, kuma Alla suke kiran Ubangiji. Umma ta yi cinikin ɗankwali da wata tsohuwa, rabi da yatsu rabi da lambobin da kowaccensu ke ganin na kakanninta ne.

Daren da muka bar Malta na farka ban ga Umma a gado ba. Na same ta a farfajiyar waje, ita kaɗai, iska na kaɗa hijabinta. Daga can ciki ana jin kiɗa sama-sama. Ta ce, "Auta, ina ne kudu?" Yamma muka dosa, saboda haka na nuna mata hagu.

"Libiya na can?"

Na ce tana can, bai kai kilomita 400 ba.

"Wannan ruwan ne ke nan."

Na ce shi ne. Na san adadin, don mun yi shi a aji: Hukumar Ƙaura ta Duniya ta lissafa sama da mutum 20,000 da suka mutu ko suka ɓace a wannan yanki na tsakiyar Bahar Rum tun daga 2014. Ban faɗa ba. Na leƙa ƙasa. Daga inda muke zuwa ruwan ya kai tsayin bene mai hawa bakwai, baƙi ƙirin, ko'ina iri ɗaya. Na tuna yadda wannan ƙaton jirgi ya yi ta lilo da mu a daren farko, sannan na kwatanta kwale-kwalen roba.

Umma ta ce, "A layi na biyu yake zama, wajen taga. Ni na zana masa shi. Shuɗi na yi masa." Ta ɗaga hannu ta yi addu'a mai tsawo, na yi ta cewa amin. Sanyi ya ishe ni amma ban ce mu shiga ba.

Washegari babu gari, babu allon lokacin dawowa, sama da ruwa kawai. A lissafina wannan ce ranar asara, har na so in sami jirgin da ba shi da ita. Ita ce ranar da Umma ta fi so. Ta ja kujera tun hantsi, ta ƙirga launin ruwan ya sauya sau huɗu kafin magariba, kuma ko ɗaya bai yi kama da allinta ba. In za ku tambaye ni, garuruwan da jirgi ke tsayawa lasa ce kawai. Awa takwas a Rum, ido ɗaya a kan agogo, ba ganin Rum ba ne. Abin da jirgin ruwa ke da shi wanda babu a wani wuri shi ne ruwan.

Da muka sauka a Basalona ƙasa ta yi ta lilo da mu har kwana biyu. Jirgin ƙasa ya kai mu Garnaɗa cikin awa shida da wani abu, ta cikin gonakin zaitun da ba su da iyaka. Tikitin fadar Alhamra tun wata biyu baya na saye shi, domin yakan ƙare, kuma da suna da lambar fasfo ake sayarwa, an rubuta maka lokacin shiga ɗakunan sarakuna. Wannan karon awa guda muka yi a bakin ƙofa kafin lokaci, Yaya na ta tsokanata. Daga wannan gari, wanda ya fita daga hannun Musulmi a 1492, Abu Ishaƙ Assahili ya fito, wanda ya haɗu da Mansa Musa a hajjin 1324 ya biyo shi Mali, har ake danganta masa ginin babban masallacin Tumbutu. A Ƙurɗuba muka shiga masallacin da aka fara ginawa wajen 785, mai ginshiƙai sama da 800 da bakuna ja da fari. Coci ne tun 1236, ba a yarda a yi salla a ciki ba, sai da muka koma masauki. A kwana huɗun nan ne muka ci abinci ba tare da na tambayi ƙarfe nawa ba. Da zan sake tsarawa, da na ƙara wa tudu kwana biyu, na bar Rum sai wani jiƙon.

Mun iso Kano da asuba, agogon Umma ne kaɗai ba a taɓa ba. Da la'asar ta ware ɗankwalin da ta saya a Malta ta sa a leda, ta ce in raka ta maƙwabta. Matar ta shimfiɗa mana tabarma, aka gaisa, aka yi barka da dawowa. Umma ta ce cittar ta yi amfani. Aka yi shiru. Can matar ta gyara zama, idonta a kan ledar, ta ce, "Malama, yaya ruwan yake?"

Umma ta ce, "Yana da faɗi." Ta matsa kusa da ita. "Auta, je ki gida ki ɗora mana shayi."

Na tashi na ja musu ƙofa.